Cinyar Da Ta Tafi Babu Wutsiya

Ku masu bin labarin nan, na ji abin da kuka rubuta a ƙarƙashin na makon jiya. Peng, wanda muke ɗaure kwalekwale a turke ɗaya da shi, ya karanta mini yana dariya har da tari. Wani a cikinku ya ce wai me ya haɗa tsoho ɗan shekara saba'in da uku da soyayya. To ka zo Changyang, ka sauko bakin tafki, ka riƙe filafili ɗaya in riƙe ɗaya, mu ga wanda numfashinsa zai fara ƙarewa.

Ni ne Tian Maolin. Ban taɓa zama a aji ba, da babban yatsa nake sa hannu, wannan ma da kuke karantawa waya nake gaya wa tana rubutawa. Amma na kora gungumen katako a kogin Qingjiang tun kafin a datse shi ya zama tafki. Na ci ɓawon itace a shekarun yunwa. Ruwa ya sha haɗiye ni yana tofarwa. Ban taɓa tsayawa gaban wani abu na rasa yadda zan yi ba, sai a wannan makon.

Don wanda yau ya fara zuwa: sunanta Ran Sulan. Rumfarta ce a kan matakalar da ake sauka zuwa jirage. Kasko ɗaya na ƙananan dankali, tana juya su har su yi ja, ta watsa barkono da albasa. Gefe kuma tukunyar hezha, niƙaƙƙen waken suya da ganye, tana tafasa tun safe. Mijinta Luo abokina ne, tare muke kan katako shekarar da ruwa ya fasa mana shi. Ni na fito, shi bai fito ba. Matata kuma ta daɗe da rasuwa. Shekara da shekaru a rumfar Sulan nake cin abincin rana. Ba ta taɓa ce mini komai ba, amma kwanona ne kaɗai ake samun ƙwai a ƙasansa. Ni ma ban taɓa ce mata komai ba, amma duk baƙon da ya sauka daga kwalekwalena sai na tasa ƙeyarsa zuwa kaskonta.

Sai ga ɗanta Bin ya iso daga Shenzhen da mota, hutun sabuwar shekara. Matarsa ta haihu, yana so ya tafi da uwarsa gaba ɗaya. A gaban mutane ya faɗa, a gaban mutane ta ba shi amsa, tana juya dankali ba ta ɗago ba.

"Bari biyu ga wata ta wuce tukuna."

Duk wani mai furfura a bakin tafkin nan ya gane, har Peng ya zungure ni da gwiwar hannu. Biyu ga watan farko na sabuwar shekara ita ce ranar da namiji ke goya cinyar alade zuwa gidan matar da yake so. In ya bar wutsiya a jikin cinyar, cewa yake bana nake so a yi. In gidan ba su shirya ba, sai su yanke wutsiyar su sa masa a kwando, ya tafi da abarsa, ba wanda ya buɗe baki, ba wanda ya ji kunya. In ya isa gida ya duba kwando babu wutsiya, ya je ya sayi giya. Yaran yanzu ba su san wannan ba, su da waya suke yi. Mu kuwa da shi aka auro iyayenmu.

Ba ita ta fara tuna mini ba. Tun shigowar sanyi na tsaya a kan mahauci da kaina.

"Ka bar wutsiyar nan a jiki."

Ya dube ni, ya dubi furfurata. "Tsoho, wa za ka kai wa?"

"Yanka naka ne, tambaya ba taka ba ce."

Na shafe cinyar da gishiri da yaji, na rataye ta saman murhu. Kullum da ɗanyen reshe mai ƙamshi da ɓawon lemu nake mata hayaƙi. Babu mai iya ƙyafe nama kamata a gefen nan na tafki, ku tambayi kowa. Cinyar ta yi baƙi tana ƙyalli, wutsiyar ta nannaɗe kamar yatsa mai kira.

Ranar biyu ga wata da sassafe manajan kamfanin jirage ya bugo.

"Baba Tian, baƙi sun cika motoci, kuma tsoho mai waƙa suke tambaya. Ka taimaka, zagaye ɗaya."

Da na ƙi. Amma wa zai yi musu? Peng? Muryarsa kamar ana jan tebur.

Na kira Meifang, matar ɗana. Yarinyar kirki ce, 'yar arewa, daga Zhengzhou, ba 'yar ƙabilarmu ta Tujia ba ce. Sana'arta sayar da ƙyafaffen nama ta waya ga baƙin da suka ɗanɗana a nan suka koma gida suna kewa. Tana da wani inji mai zuƙe iska daga leda.

"Ki sauke mini cinyar nan, ki naɗe ta da jar takarda. Ina dawowa zan wuce da ita."

"Gidan Inna Sulan?" Ta yi murmushi. "Bar mini, Baba. Sai ta fi ta kowa kyau."

Na tafi. Ruwa ranar kore shar, hazo ya rataye a wuyan duwatsu, baƙi sai ɗaukar hoto suke kamar za a kwashe tafkin gobe. Na yi musu waƙar masu katako, duwatsu suka maido mini da ita. Da muka kai tsakiya na tsayar da filafili na nuna ƙasa, na ce nan ƙauyenmu yake, nan ƙofar gidanmu, kifaye ne ke kwana a ɗakin uwata yanzu. Na ba su labarin ranar da katako ya fashe, yadda ruwa ya yi ta juya ni kamar wanki.

Wata mai jar hula ta ce, "Kaka, kai kaɗai ka fito?"

"Ni kaɗai."

Suka yi tafi. Kullum suna tafi a wurin nan. Ba na faɗin sunan ɗayan.

Da na koma gida na tarar da wani kwali mai ruwan zinariya a kan tebur, an ɗaure shi da jan zare, har da hoton duwatsunmu a jiki.

"Kamar na babban kanti," in ji Meifang.

Gaskiya kaina ya kumbura. Na ce yau Bin zai ga cewa mu ma mun san zamani. Na sa shuɗiyar rigata mai ɗinkin hannu a wuya, ba ta kamfani mai ƙyalƙyali ba, na naɗa baƙin rawani, na goge takalmi. Na sa kwalin a kwandon goyo na kama hanya. Ban buɗe shi ba. Wa ke buɗe kaya mai kyau haka?

Gidan Sulan na katako ne, tsaye a kan dogayen ƙafafu a jikin tudu. Tun daga ƙasa na ji ƙamshin soyayyen shayi. Ita ta buɗe ƙofa. Jama'a, ta sa sabuwar riga mai auduga, ja mai duhu. Ta rina gashinta. A hannunta ga munduwar azurfa ta uwarta, wadda rabon da in gan ta tun ranar bikinta da Luo.

"Ka makara," ta ce. "Na zaci ruwa ya gaji da tofar da kai."

"Ruwa na tsorona."

"Shigo, babban baki."

Ta zaunar da ni bakin murhu, ta miƙo mini miyar shayi, gyaɗa da soyayyar shinkafa na yawo a kai. Bin ya gaishe ni ya koma kan wayarsa. Ita kuwa ta ɗauki kwalin da hannu biyu ta shige kicin. Na ji ƙarar almakashi a jikin leda. Daga nan shiru.

Ta daɗe a ciki. Ni ina nan ina ba Bin labarin kifin da na taɓa kamawa wanda ya fi shi tsayi.

Da ta fito babu munduwa a hannunta.

"Yaya Tian," ta ce, "mun gode da gaisuwa. Allah ya maimaita mana."

Yaya Tian. Rabon da ta kira ni haka tun Luo na da rai. Na ce a raina kunya ce, amarya ai dole ta canja harshe. Ta kawo kifi da kabeji mai tsami, ta kawo nama, ta cika mini kofi da giyar masara, duk ba ta dube ni ba. Da zan tafi ta shiga da kwandona ciki, ta fito da shi a rufe da ƙyalle.

Na daure har na sha kwanar da gidan ya ɓace. A nan na zazzage kwandon a kan wani dutse. Ga wainar danƙararriyar shinkafa da ta daka da kanta. Ga lemu. Ga kwalbar barkono. Na girgiza ƙyallen, na kifa kwandon na buga gindinsa.

Babu wutsiya.

Ihun da na yi sai da karnukan tsallaken tafki suka amsa.

Kada ku tambaye ni abin da na yi a kwanakin da suka biyo. Na shayar da duk masu jirage. Na je na zaɓi sabon bargo mai furanni. Na gaya wa manaja ya fara neman wanda zai riƙe mini kwalekwale ranar biki. Na tura mata saƙon murya: "Sulan, na duba kwando." Can sai ga amsa, kalma ɗaya.

"To."

Wannan "to" ɗin babu wanda ban kunna wa ba. Peng ya saurara, ya sake saurara, ya sosa kunne.

"Tsoho, ni wannan ba ta yi mini kama da ta amarya ba."

"Kai me ka sani? Matarka ma tausayi ta ji ta aure ka."

"Kuma rumfa a rufe take tun ranar."

"Amarya za ta tsaya suyar dankali?"

Shekaranjiya da rana Meifang ta dafa miyar wake da ƙyafaffen nama. Na tsoma tsinken cin abinci na ciro wani gutsure, na ci, daɗi har ƙashi, na ce wannan hayaƙina ne, na san hannuna. Na ci na biyu. Na sake tsomawa, sai ga wani ɗan siriri ya fito, baƙi, a nannaɗe.

Na daɗe ina kallonsa a bakin tsinke, miya na ɗiga.

"Meifang."

"Na'am, Baba."

"Wannan daga ina?"

"Na cinyar nan ne da ka kai. Ta ƙi shiga leda, sai huda ta take yi, inji ya kasa zuƙe iska. Ga shi ta ƙone baƙi ƙirin, na ce abin kunya ne a kai wa mutane haka. Na yanke na ajiye don kar a yi asara. Ba ta yi laushi ba ne?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ni, Tian Maolin.

"Baba? Ƙashi ne ya maƙale?"

Da ƙyar na yi mata bayani. Ina cikin yi ta sa hannu biyu ta rufe baki, hawaye suka zubo.

"Wayyo, Baba, na kashe ka. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Bari in je in durƙusa mata, in ce ni ce."

"Zauna."

Me zan ce mata? Yarinyar da ta kwashe safiya tana goge mini cinya da buroshi don in fita kunya? Na tsamo abin da ya rage, ɗan guntun ƙarshen nan, na naɗe a hankici na fita ba rawani.

Tudun nan da nake hawa ina waƙa, ranar sai da na tsaya a hanya na dafa itace. A ƙasan gidan, bakin titi, na hango Bin yana wanke mota. Na bi ta baya.

Ɗakin cike da kwalaye. An sauke labule. Sulan na durƙushe tana naɗe kwanoni da tsohuwar jarida, tana sanye da tsohuwar rigarta ta rumfa.

"Yaya Tian. Sallama ka zo yi?"

Na ajiye hankicin a kan kwali na buɗe.

Ta duba. Ta matso ta sake dubawa.

"Mene ne wannan?"

"Wutsiya ce."

"Ina sauran?"

"Na ci."

"Ka ci."

"Ban sani ba na ci! A miya na same ta. Meifang ce ta yanke, wai ta ƙi shiga leda. Ni na ɗauka tana jiki. Da na duba kwando ban gan ta ba na zaci kin..."

Sai ta zauna daɓas a ƙasa ta fara dariya. Dariya take tana bugun cinya, har ta koma wani abu da ba dariya ba, ta ja gefen riga tana share ido.

"Ashe shi ya sa. Ana ta zuwa ana ce mini Maolin na rabon giya a bakin tafki. Na ce wato murna yake zan tafi."

"Sulan."

"Ka san sau nawa na juya cinyar nan a kicin? Na duba cikin leda. Na duba cikin kwali, ko ta karye ta faɗa. Na ce, Sulan, tsohuwar banza, kin rina gashi, ashe mutumin nan duk shekarun nan dankali kawai yake so."

"To yanzu ga ta na kawo."

"Ka kawo guntu, dafaffe, bayan ranar ta wuce." Ta ja numfashi. "Daren ranar na ba Bin baki. Matarsa ta riga ta gaya wa wurin aikinta za ta koma, a kan maganata. Gata da safe za mu kama hanya."

"Baɗi sai in..."

"Baɗi." Ta dube ni tun daga furfura har takalmi. "Ka ƙirga mini baɗi nawa ta rage mana, ni da kai."

Ta rufe hankicin, ba ta miƙo mini ba, ba ta kuma ɗauke ba. Ta bar shi nan a kan kwali tsakaninmu.

"Ni ba budurwa ba ce, ba ni da uba a ɗaki da zai yanke mini. Wanda na ba baki yana can ƙasa da bokiti. Tunda wutsiya ta kasa, je ka gaya masa da bakinka. Bakin nan da ke cika tafki kullum, yau ya yi aiki."

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Wallahi haka na ce mata. Na ce ni da na yi wa ambaliya tsawa, yaron da na goya a wuyana ne zai gagare ni? Na sauka matakala ina gyara murya.

Yana sunkuye yana goge ƙafar mota. Da ya ji tafiyata ya miƙe, ya juyo, ya goge hannuwansa a cinyoyin wandonsa, dama sannan hagu.

Haka Luo yake yi. Daidai haka. Ga kunnen nan na hagu da ya ɗan fita. Ga girar. Ban taɓa lura ba, don kullum fuskarsa na cikin waya. Yau ya kai shekarun da ubansa ya tsaya a kansu, kuma rabona da fuskar nan tun da na gan ta ta ɗago sau ɗaya a cikin jan ruwa, nesa da hannuna.

"Baffa, lafiya? Ka fito ba rawani."

"Bin, akwai maganar da..."

"Ni ma ina neman ka, Baffa." Ya ajiye tsumma, ya kama hannuna da nasa biyu, a jiƙe. "Ban iya magana ba, amma kafin mu tafi dole in faɗa. Tun ina ƙarami kai ne ke gyara mana rufi. Kai ke kawo wa Mama masu saye. Ba ka taɓa neman komai a wurinmu ba. Ina ba abokaina labarinka a Shenzhen, ina ce musu a garinmu akwai mutumin da ya riƙe amanar abokinsa har tsufa, saboda Allah kawai. Da Baba na gani da ya ji daɗi."

Ku da kuka yi karatu, ku gaya mini abin da ake cewa bayan wannan.

Na ji maganar ta taso har maƙogwaro. Tana nan, na ji ta. Na ɗaga ido, a saman baranda ga inuwar Sulan a bayan ƙyaure. Bin na riƙe da hannuna yana jira da fuskar ubansa.

"Me za ka ce, Baffa?"

"Tayarka ta baya," na ce. "Ta hagu. Kamar iska ta yi ƙasa. Hanya da nisa."

Ya zagaya ya danna ta da ƙafa. "Kai, Baffa, idonka! Ban lura ba sam." Ya ciro taba ya ba ni, ya kunna mini da kansa.

Na tsaya na sha tabar nan har ƙarshe, muna maganar hanya da tsadar mai. A sama na ji an rufe ƙyaure a hankali.

Jiya ban fita aiki ba. Na ce wa manaja murya ta dushe, karo na farko tun da na fara. Sabon bargo na nan a ledarsa, Meifang ta ɓoye shi bayan kabad don kar in gani, tana tafiya a gidan kamar mai tsoron tada mara lafiya. Yau da rana na sauko na zauna a kwalekwale a ɗaure. Peng ya zo ya zauna a nasa. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dube ni, ya rufe, ya miƙo mini lemu.

Ɗazu wayar ta yi ƙara. Saƙon murya, daga ita. Na sa a kunne don kar Peng ya ji. A bayan muryarta ana jin ana jan kwalaye.

"Bin ya sa wa taya iska. Ya ce in yi maka godiya."

Har na zaci ya ƙare, sai ta ci gaba.

"Mota tana da taya huɗu, Maolin. In akwai wata da ka gani, ka zo ka faɗa masa kafin gari ya waye."

Na san hanyar. Ƙafafuna lafiyarsu ƙalau, sun fi na da yawa daga cikinku. Rana ma ba ta faɗi ba tukuna, baƙi na ta wucewa a babban jirgi suna ɗaga mini hannu, wasu na ɗaukata hoto. Ga ni zaune, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, tun ɗazu.